Gaston Defferre: mai dokar loi-cadre da ya riƙe Marseille a tafin hannunsa shekara 33

Duk ɗalibin da ya yi darasin tarihi a makarantun Nijar, Cadi ko Kamaru ya ci karo da sunan Gaston Defferre. Ana haddace shi ne tare da rana guda, 23 ga Yunin 1956, ranar dokar da aka fi sani da loi-cadre, wadda ta bai wa yankunan Afirka da ke ƙarƙashin Faransa gwamnatocinsu na farko. Daga nan littafin makaranta kan wuce zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1958, a bar mutumin a baya. A Marseille kuwa, birni na biyu a girma a Faransa, da wani abu dabam ake tuna shi. A can shi ne magajin garin da ya hau kujera a 1953, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 1986. Aikin shara, ɗakin haya, lasisin tasi, har da kanun jaridar safe, duk sai sun bi ta hannunsa ko ta hannun yaransa.

Sau biyu a rayuwarsa ya rubuta dokar da ta rage ikon Paris ta miƙa wa na nesa: a 1956 ga yankunan Afirka, a 1982 ga garuruwa da jihohin Faransa. Amma a garinsa bai taɓa yarda ya raba iko da kowa ba. Wanda ya dubi abin daga nesa zai ce mutum biyu ne a riga ɗaya. Idan aka matso kusa, lissafin guda ne: a ba mutane abin da zai kwantar da su, a riƙe abin da zai sa su iya tsayawa ba tare da kai ba.

An haife shi ranar 14 ga Satumbar 1910 a Marsillargues, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, cikin dangin Kirista 'yan Furotesta, waɗanda tsiraru ne a ƙasar da Katolika suka fi yawa. Mahaifinsa lauya ne a Nîmes, amma caca ta cinye masa dukiya, ya kwashe iyali zuwa Dakar ya buɗe ofis a can. Gaston ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Senegal kafin ya dawo Faransa tare da mahaifiyarsa a 1922. Ya karanta shari'a a Aix-en-Provence, ya fara aikin lauya a Marseille a 1931, ya yanki katin jam'iyyar gurguzu ta SFIO a 1933.

Marseille ɗin da ya tarar ita ce ƙofar daular Faransa ta teku. Jiragen ruwan da ke zuwa Aljeriya, Afirka ta Yamma, Madagaska da Indocin daga tasharta suke tashi. Gyaɗar da ake nomawa a Afirka ta Yamma a masana'antunta ake matse kaso mai yawa, a yi mai da sabulu, kuma kamfanin CFAO, wanda tsofaffin Maraɗi da Damagaram suka san kantunansa, a nan aka kafa shi. Siyasar garin kuwa ta yi ƙaurin suna. A farkon shekarun 1930 mataimakin magajin gari Simon Sabiani ne ke juya akalar birnin, da goyon bayan manyan 'yan daba biyu, Paul Carbone da François Spirito. An cika ma'aikatun gari da 'yan alfarma waɗanda ba su san aikin ba. Sakamakon ya fito fili ranar 28 ga Oktoban 1938, lokacin da gobara ta tashi a babban kantin Nouvelles Galeries, 'yan kwana-kwanan gari suka kasa shawo kanta, mutum 73 suka mutu. Shugaban gwamnati Édouard Daladier yana garin a ranar, wajen babban taron jam'iyyarsa. Bayan 'yan watanni gwamnati ta ƙwace ragamar birnin daga hannun zaɓaɓɓu ta damƙa wa wani jami'i da ta naɗa. Wannan wulakanci ya zauna a zuciyar mutanen Marseille, kuma Defferre ya gina sunansa ne a kan alkawarin cewa ba za a sake ba.

Yaƙin duniya na biyu ne ya fito da shi. Ya shiga gwagwarmayar ɓoye ta adawa da mamayar Jamus, cikin ƙungiyar da ake kira Brutus, wadda 'yan gurguzu suka fi yawa a cikinta, daga baya ma ya zama shugabanta. A watan Agustan 1944, yayin da dakarun Faransa, waɗanda mafi yawansu 'yan Aljeriya da Maroko ne, ke fatattakar Jamusawa daga birnin, Defferre ya ɗebi mutanensa da bindigogi suka nufi ginin jaridar Le Petit Provençal, wadda ta ci gaba da fitowa a zamanin mamaya. Suka ƙwace ginin da injinan buga takarda, aka sauya mata suna zuwa Le Provençal. Yana da shekara 33, ya riga ya gane cewa kujerar magajin gari tana iya kuɓucewa a zaɓe, jarida kuwa tana nan kowace safiya. Kafin ƙarshen watan aka naɗa shi shugaban hukumar riƙon gari.

Kujerar ta kuɓuce masa kuwa, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. 'Yan kwaminis ne suka fi kowa ƙarfi a tashar jiragen ruwa da unguwannin ma'aikata, kuma nasu ne, Jean Cristofol, ya zama magajin gari a 1946, kafin wani ɗan ɓangaren Janar de Gaulle, Michel Carlini, ya karɓe a 1947. Shekarun nan Marseille ta zama fagen yaƙin cacar baka a zahiri. Ta tasharta kayan agajin Amurka ke shigowa, ta nan kuma ake loda makamai zuwa yaƙin Indocin. 'Yan dakon tasha, waɗanda ke cikin ƙungiyar ƙwadago ta CGT mai alaƙa da kwaminis, sun yi manyan yajin aiki a 1947 da 1950, an kuma murƙushe su. A daidai lokacin aka kafa sabuwar ƙungiyar ƙwadago, Force Ouvrière ko FO, wadda ta ɓalle daga CGT kuma ta samu tallafin kuɗi daga Amurka. Defferre, wanda ya riga ya zama ɗan majalisar dokoki tun 1945, ya zaɓi ɓangarensa tun a lokacin, kuma bai yi ɓoye-ɓoye ba: babban abokin gabarsa a Marseille shi ne kwaminis.

Yadda aka ɗaure gari

A zaɓen 1953 jerin 'yan kwaminis ne ya zo na ɗaya. Defferre ya zama magajin gari ne da ƙuri'un kansilolin masu ra'ayin riƙau, wakilan attajiran mai, sabulu da jiragen ruwa, waɗanda suka gwammace ɗan gurguzu Furotesta da su ga jar tuta a kan ginin magajin gari. Yarjejeniyar ta yi sama da shekara ashirin tana aiki, kuma kowa ya san rabonsa. Attajirai suka karɓi sashen tsara gari da filaye, wato inda kuɗin gine-gine yake, aka ba ɗaya daga cikinsu, Jacques Rastoin, muƙamin mataimaki na farko. 'Yan gurguzu suka riƙe ɗaukar ma'aikata, gidajen haya masu rahusa da taimakon marasa ƙarfi, wato inda ƙuri'a take.

Ginshiƙi na farko shi ne FO. A ma'aikatun gari, asibitoci da kamfanin motocin haya na gwamnati, ita kaɗai magajin gari ke zama da ita. Mai neman aikin shara ko na gadin makaranta ya san cewa takardar neman aiki ba ta isa ba, sai da katin ƙungiya da kuma wani kansila da zai ce nasa ne. Ƙarin girma ma haka. Wanda ya samu, shi da matarsa da 'yan uwansa sun san inda za su jefa ƙuri'a, kuma yana sa ran idan ɗansa ya girma za a duba shi. Ita kuma ƙungiyar ta tabbatar da cewa yajin aiki bai wuce gona da iri ba.

Ginshiƙi na biyu shi ne kwamitocin unguwanni, waɗanda ake kira CIQ a taƙaice. A takarda ƙungiyoyin sa-kai ne na mazauna unguwa, ba ruwansu da jam'iyya. A aikace su ne kunnen magajin gari da bakinsa. Shugaban kwamiti ne ke kai koken fitilar titi ko kwata, shi ne kuma ke dawowa da amsa, don haka shi ya san gidan da aka yi wa alheri da gidan da ya yi butulci. Haka aka bi da al'ummomin da suka yi kaka-gida a birnin: Korsikawa, Armeniyawa, Yahudawa, jikokin Italiyawa. Kowace tana da nata a jerin 'yan takara, da wanda za ta je wurinsa idan buƙata ta taso.

Na uku ita ce jarida. Le Provençal ta zama babbar jaridar yankin, kuma Defferre yana sa ido a kan shafinta na farko kamar yadda mai shago ke sa ido a kan aljihun tebur. A 1971 kamfaninsa ya mallaki Le Méridional, jaridar masu ra'ayin riƙau da ke sukarsa, ya kuma bar ta ta ci gaba da sukar. Mai goyon baya da mai adawa duk shi suke biya kuɗin jarida.

Akwai kuma ɓangaren da ba a rubutawa a takardar yarjejeniya. Iyalan Guérini, Antoine da Barthélemy, waɗanda suka gaji Carbone da Spirito a harkar mashaya, caca da fasa-ƙwauri, sun san wasu 'yan gurguzu tun zamanin gwagwarmayar ɓoye, kuma yaransu sun yi aikin 'yan banga a tarukan jam'iyyar da liƙa hotunan 'yan takara. Zamanin nan ne Marseille ta zama cibiyar sarrafa hodar heroin da ake kaiwa Amurka. Kotu ba ta taɓa kama Defferre da laifin hannu a cikin wannan harka ba, kuma dukiyarsa daga jarida ta fito. Sai dai a 1982 an bankaɗo badaƙalar rasit na bogi a kwangilolin gari, aka gurfanar da ma'aikatansa da 'yan kwangila da dama, alhali shi ne ministan cikin gida.

Ya kamata a yi masa adalci a nan: ya bambanta da Sabiani. Ya gyara asusun gari, ya ɗauko ƙwararrun injiniyoyi da akantoci ya ɗora su a saman ma'aikatu, ya bar alfarma ta yi aikinta a ƙasa. Mutum ne mai zafin rai, mai son a yi abu yanzu-yanzu, kuma kansilolinsa tsoronsa suke ji fiye da yadda suke sonsa.

Wata goma sha shida a ma'aikatar ƙasashen ƙetare

A farkon 1956 Guy Mollet ya kafa gwamnati ya ba shi ma'aikatar kula da yankunan Faransa na ƙetare. Faransa ta sha kashi a Indocin shekara biyu da suka wuce, yaƙi na ci a Aljeriya, Maroko da Tunisiya na dab da 'yanci. A Kamaru an haramta jam'iyyar UPC tun 1955, a maƙwabta kuma Ingila na shirin sakin Gana. Defferre ya karanta al'amarin yadda ya saba karanta unguwar da ta fara gunaguni: gara a kai mata wani abu tun kafin ta fito titi. Ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Félix Houphouët-Boigny, wanda shi ma minista ne a gwamnatin, kuma cikin 'yan watanni majalisa ta amince da dokar.

Abin da dokar ta kawo ba ƙarami ba ne. Kafin ta, a yankuna da dama akwatin zaɓe biyu ne, ɗaya na Turawa da 'yan tsirarun da ke da matsayin ɗan ƙasa irin nasu, ɗaya na sauran jama'a, kuma ko a na biyun ba kowa ke da izinin jefa ƙuri'a ba. Dokar ta haɗe akwatunan, ta bai wa kowane baligi, namiji da mace, ƙuri'a. Ta ƙara wa majalisun yankuna iko a kan kasafin kuɗi da ma'aikatan cikin gida, ta kuma kafa majalisar gwamnati a kowane yanki, da ministoci 'yan ƙasa. Bayan zaɓen 31 ga Maris 1957, Djibo Bakary ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnatin Nijar, Gabriel Lisette ya samu irin wannan muƙami a Cadi. A Kamaru, wadda ke da matsayi na dabam a ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, André-Marie Mbida ya zama firayim minista a watan Mayun shekarar.

Kalmar mataimaki ita ce bakin zaren. Shugaban majalisar gwamnati shi ne gwamna Bature, wanda Paris ke naɗawa. Soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, hulɗa da waje da manyan makarantu duk an ware su a matsayin ayyukan Faransa. An kuma miƙa ikon ne ga kowane yanki shi kaɗai, ba ga manyan tarayyoyin da ke Dakar da Brazzaville ba. Léopold Sédar Senghor ya yi ta kukan cewa ana daddatsa Afirka ne gida-gida domin kowane yanki ya zama ƙarami, mai buƙatar Paris. Houphouët-Boigny kuwa ya yi maraba, don ba ya son arzikin Côte d'Ivoire ya riƙa tafiya Dakar. Ga ƙasa irin Nijar, wadda ba ta da teku kuma kasafinta ya dogara da rabon da ke fitowa daga asusun tarayya, wannan zaɓi yana da tsada, kuma iyakokin da suka zama na ƙasashe a 1960 a kan wannan tsari suka tsaya. Yadda gwamna ya yi amfani da ikon da aka bar masa kuwa, Nijar ta gani a 1958, lokacin da Djibo Bakary ya nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama, ya rasa kujerarsa kafin ƙarshen shekara. A lokacin Defferre ya riga ya bar ma'aikatar, tun faɗuwar gwamnatin Mollet a tsakiyar 1957.

A kan Aljeriya ya saɓa da Mollet, yana ganin sulhu da masu fafutukar 'yanci shi ne mafita. Amma da 'yancin ya zo a 1962, Marseille ce ta ɗauki nauyin. Cikin 'yan watanni dubban ɗaruruwan Turawan Aljeriya suka sauka a tasharta da akwatuna, babu masauki, babu gurbi a makarantu. A watan Yuli magajin garin ya shaida wa 'yan jarida cewa gara su je su nemi wurin zama a wani wuri. Da yawansu sun zauna duk da haka, kuma ba su taɓa yafe masa wannan magana ba.

Yawan jama'ar birnin ya tashi daga kimanin 660,000 a 1954 zuwa sama da 900,000 a 1975, kuma Defferre ya yi gini ba ƙaƙƙautawa: babban asibitin arewa a 1964, hanyar mota ta ƙarƙashin tsohuwar tasha a 1967, jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1977, da filayen shaƙatawa na bakin teku a Prado, waɗanda aka cike da ƙasar da aka haƙo wajen aikin jirgin. Dogayen benayen haya masu rahusa kuwa, mafi yawansu a arewacin birnin aka jera su, a mazaɓun kwaminis, nesa da unguwannin abokan yarjejeniyarsa da ke kudu. A 1966, da gwamnati ta haɗe Lyon, Lille, Bordeaux da Strasbourg da garuruwan da ke kewaye da su a ƙarƙashin hukuma guda, Defferre ya ƙi a yi wa Marseille haka, domin garuruwan kewaye da yawa na hannun kwaminis ne, kuma ba ya son zama a majalisar da ba shi ke da rinjaye ba. Wannan na cikin manyan kurakuransa. Sabuwar tasha da masana'antu suka koma Fos da gefen tafkin Berre, masu hali suka bi su, harajinsu ya tafi tare da su, aka bar wa Marseille talakawa da bashi. Sai a shekarar 2000 aka yi haɗakar da ya ƙi.

A siyasar ƙasa bai yi sa'a ba. A 1963 mujallar L'Express ta yi ta tallata wani ɗan takara da ta ɓoye sunansa ta kira shi Monsieur X, wanda zai kara da de Gaulle. Defferre ne. Ya so ya kai tsarin Marseille matakin ƙasa, wato ƙawancen 'yan gurguzu da 'yan tsaka-tsaki ba tare da kwaminis ba, amma jam'iyyun suka kasa jituwa, ya janye a 1965. Da ya tsaya a 1969, kashi 5 cikin ɗari ya samu, ɗan takarar kwaminis Jacques Duclos ya ninka shi sau huɗu. Abin da ya fi tsayawa a bakin mutane daga shekarun shi ne rigimarsa da ɗan majalisa René Ribière a Afrilun 1967. Ya zage shi a zauren majalisa, ya ƙi janyewa, washegari suka haɗu da takubba a lambun wani gida a Neuilly. Defferre, mai shekara 56, ya yanke shi sau biyu a hannu, alƙalin ya tsayar da faɗan. Ana ɗaukar wannan a matsayin karon takobi na ƙarshe irinsa a Faransa. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne taron jam'iyya na Épinay a 1971, inda tarin ƙuri'un reshen Marseille suka taimaka wa François Mitterrand ya karɓi shugabancin 'yan gurguzu.

Waɗanda ba su da katin zaɓe

Siyasar ubangida tana ciyar da wanda ke da abin da zai biya da shi, kuma kuɗinta ƙuri'a ce. Leburorin Aljeriya, Maroko, Tunisiya, Komoros da Afirka ta Yamma da suka gina benayen Marseille, yawancinsu ba su da takardar zama 'yan ƙasa, don haka ba su da ƙuri'a, doka kuma ta hana a ɗauke su aikin gwamnati na dindindin. Babu kansilan da zai ce nasa ne su. Sun daɗe a unguwannin kwano da katako da tsofaffin otal-otal na tsakiyar gari, kuma sun shiga benayen arewa ne galibi bayan waɗanda aka fara bai wa sun samu hali sun tashi.

A watan Agustan 1973 wani ɗan Aljeriya mai taɓin hankali ya kashe direban bas a Marseille. Washegari Le Méridional ta fito da sharhin babban editanta, Gabriel Domenech, wanda ya yi wa 'yan Aljeriya kuɗin goro da munanan kalamai. A makonnin da suka biyo baya an kashe 'yan Aljeriya da dama a birnin da kewayensa, a watan Disamba kuma bam ya tashi a ƙaramin ofishin jakadancin Aljeriya ya hallaka mutum huɗu. Jaridar tana ƙarƙashin kamfanin magajin gari a lokacin, kuma editan ya ci gaba da aikinsa. A 1986 ya zama ɗan majalisa a jam'iyyar Front National ta Jean-Marie Le Pen.

Da Mitterrand ya ci zaɓe a 1981, ya saka wa Defferre da ma'aikatar cikin gida. Shi da kansa ya nemi a ƙara masa aikin rarraba iko, kuma ya yi sauri kamar yadda ya yi a 1956. Dokar 2 ga Maris 1982 ta cire wa perefe, wakilin gwamnati a lardi, ikon soke shawarar majalisar gari kafin ta fara aiki, sai dai ya kai ƙara kotu daga baya. Ta kuma miƙa ragamar larduna da jihohi ga zaɓaɓɓun shugabanni. Wanda ya ga an ƙwace garinsa a 1939, ya kuma yi shekara talatin yana jayayya da perefe, ya san inda takalmin ke matsawa. Dokar ta sauya Faransa, kuma ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci sun ɗauki tsarin gundumominsu daga gare ta.

Doka ta biyu da ya kawo a shekarar ta fi nuna halinsa. A Disamban 1982 aka sauya yadda ake zaɓe a Paris, Lyon da Marseille, aka raba kowane birni shiyya-shiyya. Ministan cikin gida, wanda shi ne kuma magajin garin Marseille kuma ɗan takara, shi ya zana shiyyoyin garinsa. Ƙawancensa da masu ra'ayin riƙau ya riga ya watse tun tsakiyar shekarun 1970, don haka a zaɓen Maris 1983 ya haɗa jeri da 'yan kwaminis, waɗanda ya shafe shekara talatin yana tare wa hanya. Abokin hamayyarsa shi ne Jean-Claude Gaudin, wanda ya fara shiga majalisar gari a 1965 a jerin Defferre ɗin kansa. Yaƙin neman zaɓen ya koma kan baƙi, kowane ɓangare na nuna shi ya fi iya tsaurara musu, har da ɓangaren ministan da gwamnatinsa ta bai wa baƙi sama da 100,000 takardun zama shekara guda kafin nan. Da aka ƙidaya, Gaudin ya fi yawan ƙuri'u a birnin baki ɗaya. Defferre ya fi yawan shiyyoyi, ya koma kujerarsa. A watan Oktoban shekarar, 'ya'yan baƙi suka fara tattakin neman daidaito daga Marseille, suka isa Paris a Disamba. Alkawarin Mitterrand na bai wa baƙi ƙuri'a a zaɓen gari kuwa bai taɓa zama doka ba.

A zaɓen 'yan majalisa na Maris 1986, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓe a Marseille Front National suka zaɓa, ciki har da unguwannin da a da ake lissafa su a aljihun magajin gari. Tasha ta rage ɗaukar 'yan dako, masana'antun mai da sabulu sun rufe, aikin da za a raba ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa. Defferre bai haifi ɗa ba, kuma duk wanda ya fara tasowa a jam'iyya sai ya datse shi. Na ƙarshe shi ne Michel Pezet, lauyan da shi ya ɗaga, ya ba shi shugabancin jiha da na reshen jam'iyya, daga baya ya juya masa baya. A daren 5 ga Mayun 1986 shugabannin reshen suka yi zama mai zafi, kuma magoya bayan Pezet suka kayar da shi a ƙuri'a. Ya koma gidansa da ke kallon tsohuwar tasha shi kaɗai, ya faɗi, kansa ya bugu. Ya rasu ranar 7 ga Mayu a asibitin La Timone, yana da shekara 75.

An ɗora hularsa ta malafa a kan akwatin gawa, Mitterrand ya halarci jana'izar. Matarsa, marubuciya Edmonde Charles-Roux, da na kusa da shi suka tsaya kai da fata kada Pezet ya gaje shi, kansiloli suka zaɓi likitansa, Robert Vigouroux. A 1995 Gaudin ya karɓi kujerar, ya riƙe ta shekara 25, kuma FO ce ya ci gaba da zama da ita a kan batun ma'aikata. Jaridun biyu kuwa, mai yabo da mai suka, an sayar da su bayan rasuwarsa, a 1997 aka haɗe su suka zama jarida ɗaya mai suna La Provence.